Kafin Ka Zuba Kuɗi a Na'urar Neman Zinare

Tun da aka gano zinare a Jado, can arewa maso gabashin Nijar, a shekarar 2014, na'urar neman zinare ta zama haja mai tafiya a Agadas. 'Yan Sudan ne suka riga kowa gogewa da ita shekaru kaɗan kafin nan, daga baya abin ya bazu zuwa arewacin Chadi, ya kai Muritaniya a 2016. Mutane sun sayar da gona da shanu sun sayi na'ura, wasu sun dace, wasu kuwa sun dawo da ita a buhu suna neman mai saye ko da rabin kuɗi. A cikin waɗanda suka dawo hannu rabbana akwai waɗanda rabo ne bai zo ba, amma akwai da yawa da tun a shago aka gama da su: ko an sayar musu da jabu, ko sun sayi mai kyau wadda ba ta dace da ƙasar da za su je ba.

Saboda haka tambayar farko ba ta shafi sunan kamfani ba. Wane irin zinare ne a wurin da za ka? Na'ura ƙarfe take ji, kuma sai ƙarfen ya kasance dunƙule guda, ko da bai wuce ƙwayar gero ba. Garin zinare da ya warwatsu cikin yashi ko ya narke cikin jijiyar farin dutse ba ta jin sa, ko nawa ka saye ta. Abin da ya sa ta yi suna a Jado shi ne zinaren can dunƙule-dunƙule ne kusa da saman ƙasa, a fili fetal da ba ciyawa ba gwangwani. A wurare irin su Anka da Bukkuyum a Zamfara labarin daban ne. Yawancin zinaren yana cikin dutse, sai an haƙo an niƙa an wanke, kuma wannan niƙan ne a cikin gidaje ya jawo gubar darma da ta kashe yara sama da 400 a 2010. Wanda zai yi aiki a irin wannan wuri, injin niƙa da ruwan wanki sun fi masa na'ura amfani. Iyakar taimakon da za ta yi masa shi ne duba tulin dutsen da aka fito da shi daga rami, ko bin gangare don gano inda jijiya ta ɓullo.

Sai maganar zurfi, inda dillalai suka fi shara ta. Ƙwayar da ba ta kai giram ɗaya ba, na'ura mai kyau tana jin ta ne a 'yan santimita, in ta yi ƙoƙari ta kai taƙi guda. Dunƙule mai girma sosai shi ake iya ji a rabin mita zuwa mita ɗaya, shi ma da babban faifai (zagayayyen kan na'urar da ake bi da shi a saman ƙasa) da ƙwararren kunne. Duk wanda ya ce maka tasa tana gano zinare a zurfin mita 10 ko 20, ka riƙe kuɗinka.

Na'urorin gaskiya kusan iri biyu ne, kuma za ka ga haruffan a jikin kwali. Masu VLF suna aika sigina ne ba yankewa, kuma lambar kHz da aka rubuta, duk yadda ta yi sama haka jin ƙananan ƙwayoyi yake ƙaruwa. Ba su da nauyi, ba su da tsada sosai, kuma suna iya gaya maka cewa abin da ke ƙasa ƙusa ce ko guntun diga. Matsalarsu ƙasa mai ƙarfe. A kan marmara, jar ƙasa mai tsakuwa, ko baƙin yashin nan da ke manne wa maganaɗisu, sai ka ji na'ura tana ta kuka ba dalili, dole ka rage mata ƙarfi, da ka rage kuma zurfin ya tafi. Masu PI kuwa bugawa suke su yi shiru su saurara. Amsar ƙasa tana saurin mutuwa, ta ƙarfe tana ɗan jimawa, da haka suke tsallake hayaniyar ƙasa su shiga zurfi. Amma suna da tsada, ba su cika bambance zinare da tsohon ƙarfe ba, kuma wayar lantarki, janareto, ko wata na'ura a kusa duk suna dagula musu lissafi. Mai PI a tsohon sansanin da mutane suka zauna suka zubar da gwangwanin sardin da murfin kwalba zai yini yana haƙa a banza.

A ɓangaren VLF, wadda ta fi yawo a hannun mutanenmu ita ce Gold Monster 1000 ta kamfanin Minelab na Ostareliya, wadda ta fito a 2017. Tana aiki a 45 kHz, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, kuma ita ke daidaita kanta da ƙasa. Maɓallanta 'yan kaɗan ne, da zane maimakon rubutu, wanda bai yi boko ba ma zai iya da ita a yini ɗaya. Farashinta a ƙasashen waje bai kai dala 1,000 ba. Ga mai farawa, ni ita zan nuna masa. Gold Kruzer ta kamfanin Nokta na Turkiyya tana 61 kHz, ta fi jin ƙanana sosai, kuma ana iya nutsa ta cikin ruwa gaba ɗaya, abin da Gold Monster ba ta jurewa sai faifanta kawai. Mai bin rafi da damina ya duba wannan. Akwai kuma tsohuwar Gold Bug 2 ta Fisher daga Amurka, mai 71 kHz, wadda ke kasuwa tun 1995. Wajen jin ƙwaya ƙarama har yanzu ba a raina ta, sai dai da hannu ake daidaita ta, kana ɗaga faifai kana saukewa kana murɗa maɓalli har ƙarar ta tsaya cak, kuma da ƙasa ta canza sai ka sake. Marar haƙuri ba zai ji daɗinta ba. Goldmaster 24K da Garrett ke yi yanzu, bayan kamfanin White's ya rufe a 2020, ita ma tana cikin wannan sahu.

A ɓangaren PI nan kuɗi suke magana. GPX 4500 ta 2008 da GPX 5000 ta 2010 su ne suka yi zamanin Sudan da Jado, kuma har gobe akwai masu rantsuwa da su. Dalilinsu mai ƙarfi ne: faifai iri-iri na shiga jikinsu, daga ƙarami zuwa babba, har na wasu kamfanoni, batirinsu yana kai mutum yini, kuma masu gyara sun san cikinsu. Aibinsu saiti. GPX 5000 tana da tsarin bugu har guda 8, ga wasu maɓallan, ga batir da ake goyawa a baya da waya tana reto. Mutum zai iya riƙe ta wata guda a kan saitin da bai dace ba yana taka zinare yana wucewa. In za ka saye ta, ka sa kuɗin wanda zai koya maka a cikin lissafi.

GPX 6000, ta 2021, an yi ta ne don cire wannan wahala. Nauyinta kilo 2.1, kusan komai da kanta take yi, kuma tana jin ƙananan ƙwayoyin da tsofaffin GPX ke wucewa. Da ta fito kuɗinta ya kai wajen dala 6,000, ba ta bambance zinare da baƙin ƙarfe ko kaɗan, kuma na farko-farkon sun yi fama da hayaniya idan an kunna lasifika, har kamfanin ya fito da gyara. Mai sayen ta hannu ya tambaya ko an yi mata. Axiom ta Garrett, wadda ta fito a 2022, ita ce kishiyarta: ta ɗan fi sauƙin nauyi da kuɗi, batirinta ya fi daɗewa, kuma da nau'in faifan da ake kira DD tana iya nuna maka alamar baƙin ƙarfe. Abin dubawa a nan shi ne ko akwai mai kayan gyaranta a inda kake. SDC 2300 ƙarama ce mai naɗewa, ba ta tsoron ruwa ko ƙura, gwana ce a kan ƙananan ƙwayoyi a mugunyar ƙasa, amma faifanta inci 8 ne, ba ta zurfi, ba ta kuma cin fili. GPZ 7000 ta 2015, mai wata fasaha tata daban, ita ce sarauniyar zurfi a wannan jeri, da nauyin da ya haura kilo 3 da farashin da ya fi na kowa. A ganina wannan ta masu haɗin gwiwa ce da ke komawa filin da aka riga aka tsince samansa. Mai neman sa'ar farko ba ya buƙatarta.

Akwai wani nau'i da bai kamata ma a sa shi cikin kwatance ba, amma dole a ambata domin shi ya fi cin kuɗin mutane. Ina nufin masu eriya da ake riƙewa a hannu tana juyawa, wai tana nuna inda zinare yake daga nisan kilomita, wasu har da allo mai launi da akwati mai kyau. Babu wata hanyar kimiyya da hakan ke aiki. Karkatar hannun mai riƙewa ce ke juya eriyar. A 2013 kotu a Ingila ta ɗaure James McCormick shekara 10 saboda sayar wa gwamnatoci, musamman Iraƙi, irin wannan abu mai eriya da sunan na'urar gano bam. In gwamnati ta faɗa, ɗan kasuwa mai zumuɗi ba zai gagara ba. Gwajinsu mai sauƙi ne: wani ya binne zinare a ɗaya daga cikin ramuka goma ba tare da mai sayarwa ya gani ba, a ce ya nuna. Za ka ji uzuri iri-iri, daga zafin rana har zuwa wai zinaren bai daɗe a ƙasa ba.

Jabu kuwa ya fi wannan wuyar ganewa, domin kwali, tambari, har takardar bayani duk iri ɗaya ne. GPX 4500 da 5000 da Teknetics T2 suna cikin waɗanda aka fi kwaikwaya. Abin ya kai har Codan, uwar kamfanin Minelab, ta fito ta koka cewa an sace zanen na'urorinta an cika kasuwannin Afirka da na bogi, ta kuma karya farashi don ta iya gogayya. Jabun yana kunnuwa, yana ƙara idan ka wuce da zobe ko tsabar kuɗi a gaban faifai, kuma wannan shi ne gwajin da mai shago zai yi maka. Kada ka yarda da shi. Zobe da kwabo ko na'urar wasan yara tana jin su. Ka zo da ƙwayar zinare ta gaske, ƙarama, wadda ba ta kai rabin giram ba, ka ɗaure ta a leda. In babu, ɗan guntun darma mai girman haka yana ba da amsa kusan iri ɗaya. Ka fita da na'urar waje, nesa da wayar lantarki da janareto, a kan jar ƙasa in akwai, ka tona ɗan rami ka sa ka rufe. Ka daidaita ta da ƙasa, ka saurari siririyar ƙarar nan da take yi koyaushe: ta asali tana zama lafiya, sai ta ɗan lanƙwasa idan faifai ya bi ta kan ƙwayar. Jabu ko dai ya yi ta rawa ko'ina, ko ya wuce shiru. Ka bar ta a kunne rabin awa a rana ka sake gwadawa, don wasu sai sun ɗau zafi halinsu ke fitowa. Sannan ka ɗauki lambar jikinta ka tuntuɓi kamfanin ko wakilin da sunansa ke shafinsu na intanet. Mai shagon da ya hana ka fita da ita ko ya ƙi ba da rasit mai lambar na'ura ya riga ya ba ka amsa. In kuma ka ji sabuwar GPX a kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinta, araha ba ta ado.

Ko ta asali ce, abin da ke kashe aiki a daji ba kasafai yake zama ƙwaƙwalwar na'ura ba. Wayar faifai ce, daidai inda ta shiga faifan, take tsagewa a ciki saboda lanƙwasa, sai ka ji ƙara duk lokacin da faifai ya taɓa dutse. Kunnuwan roba da ke riƙe faifai da sanda suna karyewa idan an ɗaure su tamau. Baƙin yashi yana shiga tsakanin faifai da murfinsa na ƙasa ya riƙa ba da ƙarar ƙarya, maganinsa a cire a wanke. Batir kuma ba ya shiri da zafi. Wanda aka bari a gaban mota da rana tsaka a hamadar Tenere ba zai daɗe ba. Don haka kafin ka biya, ka tambayi kuɗin faifai na biyu, batir na biyu, da cajar da ke aiki da batirin mota ko sola. Gold Monster tana da wurin sa batir AA, wanda ko a ƙauye ana samu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke nesa da gari. Abin saurare na kunne ma ka nemi mai kyau, domin ƙarar zinare mai zurfi raɗa ce, iskar hamada tana haɗiye ta. Ka manna maganaɗisu a kan digarka, zai tsince maka guntayen ƙarfe daga rami kafin ka ɓata lokaci.

Ta hannu ba laifi ba ce in za ka yi mata duk gwajin nan, ka kuma duba ko an taɓa kwance sukurorinta, ka girgiza wayar faifai tana kunne ka ji ko za ta yi kuka. Sau da yawa ba ta da garanti, don haka ragin ya zama mai kauri.

Saura takarda. A Najeriya dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, kuma ko bincike za ka yi sai da izini daga ofishin rajistar ma'adinai, ban da yardar masu gona da sarakunan wurin. An hana haƙa a Zamfara a 2019, aka ɗage a ƙarshen 2024. Nijar ta rufe Jado a 2017. Irin waɗannan dokoki suna canzawa, kuma jami'an tsaro suna ƙwace na'ura a shinge. Ka bincika halin da wurin yake ciki a wannan watan, ba abin da aka ba ka labari bara ba, sannan ka riƙe rasit da takardar kwastan a jikinka duk inda za ka shiga da ita.