Hita marar tanki da ruwan Arkilla: abin da na gani cikin hunturu uku

Sanyin asubar Sakkwato ne ya sa ni sayen hitar nan, ko kuma in ce Inna ce. Da ta dawo wurinmu da zama, kullum kafin kiran sallar farko sai uwargida ta tashi ta ɗora ruwa a gas, na alwalar Inna daban, na wankan 'yan makaranta daban. Muna da hitar bokiti irin wadda ake tsomawa, amma tun ranar da na tarar da autanmu ya miƙa hannu zai taɓa ruwan tana ciki, na naɗe wayarta na jefa saman durowa.

Wadda na sayo ita ce ƙaramar nan da ake maƙalawa a bangon banɗaki, girmanta bai fi jakar hannu ba. Ba ta ajiye ruwa. Kana buɗe famfo ruwan zai ratsa ta cikin wani ƙarfe mai zafi ya fito da ɗumi, kana rufewa ta mutu. Mai shagon ya nuna mini guda uku, ya ce in ɗauki mai kilowat 3.5 tunda ta fi araha. "Alhaji, wannan har shayi sai ka haɗa da ruwanta," in ji shi. A watan Oktoba ne, kuma a Oktoba gaskiya ya faɗa.

A Janairu ƙaryarsa ta ƙare. Hitar ba ta lalace ba, ni ne ban san yadda ake lissafinta ba. Irin wannan hita ba ta san wani abu wai shi ruwan zafi ba. Abin da ta iya shi ne ta ƙara wa ruwan da ya shigo mata wasu digirori, kuma gwargwadon gudun ruwan gwargwadon ƙarancin abin da za ta ƙara. Lissafin mai sauƙi ne: ka ninka kilowat ɗinta sau 14, ka raba da yawan digirin da kake so ta ƙara, abin da ya fito shi ne litar da za ta ba ka a minti ɗaya. Ruwan wanka mai daɗi yana wajen digiri 38 zuwa 40. A Oktoba ruwan tankinmu na sama yakan kwana a digiri 27, ƙarin 12 kawai yake nema, ka ga lita huɗu a minti. A tsakiyar Janairu na tsoma ma'aunin zafi cikin tankin da asuba na ga 17. Ƙarin 22 ke nan, lita biyu da ɗan wani abu. Ko butar alwala ta kusa fin haka zuba.

Sannan ga maganar ƙarfin wuta, wadda ba mai shagon da zai ɗauko maka ita. Kilowat 3.5 ɗin da aka rubuta a kwali, sai wuta ta cika bolt 220 ake samunsa. Idan ta yi ƙasa, zafin yakan faɗi fiye da yadda wutar ta faɗi, domin ninki yake bi. A bolt 190, abin da nakan gani a jikin sitabilaizarmu in unguwa ta ɗauki lodi, kashi uku cikin huɗu kawai ya rage, wato kilowat 2.6. Na tsaya da agogo a hannu, bokitin lita 15 ya ci mini minti tara. Yara uku, makaranta ƙarfe bakwai da rabi. Uwargida ba ta ce mini komai ba, ta dai koma ɗora tukunyarta, kuma shirun nan ya fi magana ciwo.

Na cire ta na mayar banɗakin Inna, inda alwala ce yawancin aikinta, kuma a nan ta wadatar har yau. Na sayo mai kilowat 5.5 don babban banɗaki. Da lissafin nan, a asubar Janairu tana ba da lita uku da rabi, bokiti ya cika cikin minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Da a ce shawa mai faɗin kai muke so, irin ta otal, ko mai kilowat 7 sai ta yi da ƙyar. Mu 'yan bokiti ne, shi ya rufa mana asiri. Duk wanda zai saya, ya auna ruwansa a ranar da ta fi kowace sanyi, da asuba. Daga Maris zuwa Mayu kuwa baƙin tankin nan da kansa yake dafa ruwa a rana, har sai ka tara a bokiti ya huce kafin ka iya watsawa.

Mai wayarin da ya zo haɗawa ya duba takardar jikinta ya yi dariya. "Malam, ai wannan da injin walda uwa ɗaya uba ɗaya suke wajen cin wuta." Amfiya 25 take ja, soket ɗin bango kuwa 13 aka yi shi ya ɗauka. Dole aka jawo mata waya tata ita kaɗai tun daga akwatin wuta, mai kaurin sikwaya milimita 6, da bireka mai amfiya 32, da na'urar nan mai katse wuta nan take idan ta fara zurarewa ta jikin ruwa ko mutum, mai miliamfiya 30. Ya kuma tono wayar ƙasa ta gidan ya tarar tsatsa ta cinye ta, aka kafa sabon ƙarfe. Kuɗin wannan aiki ya kusa kamo kuɗin hitar. Na yi ƙorafi a lokacin, amma wuta da ruwa da mutum tsirara a ɗaki ɗaya ba wurin tsumulmula ba ne. Janaretanmu ba ya ɗaukarta, inbata ma kada a fara. Ranar da babu wuta, babu ruwan ɗumi, magana ta ƙare. Ta wannan fuska mai tanki ta fi ta, domin yawanci kilowat ɗaya da rabi take ci, kuma in ta dafa da dare ruwan yakan kai safiya ko an ɗauke.

Matsalar da ta fi ba ni wahala kuwa daga ƙarƙashin ƙasa ta fito.

Ni mutumin Zariya ne, aiki ya kawo ni. Tun makon farko a Arkilla na lura sabulu ba ya kumfa yadda na saba, butar shayi kuma ba ta wata guda sai ta yi farin ƙanzo a gindi. Maƙwabta suka ce ai ruwan rijiyar burtsatsen gidan ne, yana da ɗan zartsi. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san inda yake zaune: Kalambaina na nan kusa da mu, kuma dutsen farar ƙasar da ke shimfiɗe a yankin shi ya sa aka kafa kamfanin siminti a wurin tun shekarun 1960. Ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yakan kwaso sinadarin kalsiyam da magniziyam. In yana da sanyi suna narke a ciki, ba ka ganin komai. Da ya ji wuta sai kalsiyam ɗin ya koma dutsen da ya fito, ya manne a wurin da ya fi zafi, kuma abin ya fi tsananta daga digiri 60 zuwa sama. Na san duk wannan a kan butar shayi. Ban taɓa kawowa a raina cewa hita ma buta ce ba, buta mai ƙunƙuntar hanya wadda ba ka iya leƙa cikinta.

A ƙarshen hunturu na biyu hitar babban banɗakin ta fara nuna hali. Da farko ramukan kan shawa suka toshe, ruwa na fita a karkace yana fesa bango. Sai ta soma wani shuu kamar buta na shirin tafasa. Daga nan ruwan ya riƙa zuwa da zafin da zai iya saɓule fata, sai ta katse, sanyi ƙarara ya biyo baya, sai ta sake kamawa. Abin da ke faruwa shi ne ƙanzon ya rage faɗin hanya, ruwa ya rage gudu, da ya rage gudu sai ya ƙara zafi, da ya ƙara zafi sai ƙanzo ya ƙaru. Ga shi kuma ƙanzon ba ya barin zafi ya ratsa, sai ƙarfen ya riƙa cin kansa a ƙarƙashinsa. Katsewar nan na'urar kariya ce ke aikinta. Da na ci gaba da matsa mata, ƙarfen ne zai ƙone.

Mai gyaran famfon da na fara kira ya ce a zuba mata ruwan batir. Allah ya sa na ƙi. Ruwan batir in ya haɗu da ƙanzon nan wani farin dutsen yake haifarwa, wanda ba ya narkewa, kuma ba ya raga wa ƙarfe. Ruwan asid ɗin da ake wanke tayil da shi ma kada a kusanto da shi. Abin da ya dace shi ne tsami mai sauƙi: farin khal, ko garin sitirik da masu kayan kek ke sayarwa, a jiƙa da ruwa. Inna da ta ji ana ta shawara ta ce, "Kai dai da wahalar da kai kake. Mu da lemun tsami muke wanke buta tun ba a haife ka ba." Maganarta ce, sai dai cikin hita ba ya son ɓargajen lemo.

Yadda nake yi yanzu: in kashe bireka tukuna, in tabbatar fitilarta ta mutu. In rufe ruwa, in kwance tiyon shiga da na fita. A bakin shigar akwai wata 'yar raga, in ciro ta in goge da tsohon buroshin haƙori, domin yashi ma yakan taru a nan. Sai in zuba khal lita huɗu a bokiti, in tsoma ɗan famfon tura ruwa da na cire daga tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki mai ruwa, in haɗa shi da bakin shiga, tiyon fita kuma in mayar da shi cikin bokitin. Famfon ba shi da ƙarfi, sai na ɗora bokitin a kan kujera daidai da tsayin hitar kafin ya iya turawa. Khal ya yi ta zagayawa minti 45 zuwa awa guda. Wankin farko sai da bokitin ya yi kumfa kamar an girgiza lemun kwalba, ruwan ya koma kalar koko, ɓaraguzai kamar ɓawon ƙwai suka kwanta a ƙasa. Kan shawar ma a cikin bokitin yake kwana. Daga ƙarshe in saki ruwa ya bi ta ciki minti goma kafin in mayar da wuta, don kada ƙarfen ya kama babu ruwa. Banɗakin yakan yi kwana guda yana warin tsami, yara suna toshe hanci.

Daga baya na sa an auna ruwan. Alƙalamin nan da masu fiya wata ke tsomawa jimlar duk abin da ya narke a ruwa yake nunawa, bai ware kalsiyam ba, don haka na nemi na ɗigawa, wanda ake ƙirga ɗigo har ruwa ya canza launi. Namu ya ba da wajen miligiram 250 a lita. A ma'aunin da aka saba amfani da shi, ƙasa da 60 ruwa ne mai laushi, daga 120 zuwa 180 mai tauri, abin da ya haura 180 kuwa ya kai maƙura. Wanda bai da abin awo, ya sami gora biyu, ɗaya da ruwan gidansa ɗaya da fiya wata, ya ɗiga sabulun ruwa daidai wa daida ya girgiza. Idan ta gidansa ta yi fari kamar tsala babu kumfa, ya san inda ya kwana.

Na kashe kuɗi a kan abubuwa uku don rage ƙanzon. Matatar ruwa mai farin zare tana tare yashi da laka, tana da amfaninta, amma abin da ya narke a ruwa wucewa yake abinsa. Maganaɗisun da ake ɗaurawa a jikin bututu, wata shida ya yi ban ga bambanci ba, yanzu yara ke wasa da shi. Wanda ya taimaka shi ne ɗan kwalba mai ƙwayoyin folifosfet da ake sawa kafin hita. Bai cire kalsiyam ba, yana dai hana shi mannewa, kuma wanki na gaba ɓaraguzan sun ragu ƙwarai. Sai an riƙa ƙara ƙwayoyin in sun narke, kuma a layin banɗaki kaɗai na sa shi. Na'urar da ke cire taurin gaba ɗaya, mai aiki da gishiri, na tambayi kuɗinta na yi sallama. Abin da bai ci ko kwabo ba kuma ya yi aiki shi ne sauke maɓallin zafi. Da muna ƙure shi mu surka da ruwan sanyi, ashe ƙanzo muke dafawa. Yanzu a tsakiya yake, ruwa ya fito daidai jiki.

Wani abu da na so in sani tun farko: tana buƙatar ruwa mai ɗan ƙarfi kafin ta kama. Tankinmu mita uku ne kawai sama da kan shawa, ƙarfin da ke nan kaɗan ne, tunda sai tsayin mita goma ake samun abin da ma'aunin matsin ruwa ke kira "bar" ɗaya. Shi ya sa ta biyun na zaɓi mai ɗan famfo a cikinta. Tana da ƙara kamar injin aski, amma ba ta yi mini gardamar kamawa.

Wajen cin kati ba ta ba ni tsoro ba. Cika bokiti ɗaya bai kai rabin yunit ba, kuma ba ta cin komai in famfo na rufe. Zan sake saye? A gidan nan, i, domin layinmu yakan sami wuta da asuba, kuma wayar ta riga ta shiga bango. Ƙanina da ke zaune inda wuta sai ta ga dama, na ce masa ya nemi mai tanki, ita ma ya san zai riƙa fasa ta yana kwashe ƙanzo. Mai aiki da gas kuma, idan ita ya zaɓa, a waje za a kafa ta, domin hayaƙinta marar wari yana kashe mutum a rufaffen banɗaki.

Wankin sau biyu nake yi a shekara, ƙarshen Oktoba kafin iska ta juyo da kuma farkon Maris in an gama da ita. Ta banɗakin Inna sau ɗaya ya ishe ta. Na sa an ƙara bawul a bakin shiga da na fita, yanzu ko sifana ba na nema, kuma galan ɗin khal na Oktoba mai zuwa yana nan ajiye a sito, na rubuta masa suna da maka don kada ya tafi kicin.