Windows 11 a Kwamfutar Mai Ɗaukar Hoto: A Hau, Amma da Shiri

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, don haka kwamfutar da ke riƙe da hotunan jama'a kuma tana hawa intanet ta cancanci sauyi. Windows 11 na buƙatar TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta) da firosesa na zamani, kamar Intel na ƙarni na 8 zuwa sama. RAM na giga 4 da aka ƙayyade bai isa aikin hoto ba. A nemi 16.

Sababbin Photoshop da Lightroom Classic suna tafiya lafiya lau. Inda gizo ke saƙa shi ne na'urorin da ake jonawa. Tsohuwar firinta ko sikana na iya rasa direbanta, wato manhajar da ke sa ta aiki da kwamfuta, Windows ta ɗora mata nata na gama-gari, sai zaɓin irin takarda ya ɓace, launin fata ya fito ja-ja. Sigar Windows 11 mai suna 24H2 ma ta taɓa kasa ganin wasu sikanonin USB kafin a gyara. Shi ya sa duba shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, kamar Epson ko Canon, kafin sauyi ya zama dole, har da manhajar jona kamara da kwamfuta.

Kafin sauyi a kwafe katalogin Lightroom (kundin da yake ajiye bayanan hotuna da gyare-gyarensu) da fayilolin RAW (ainihin hotunan kamara da ba a sarrafa ba) zuwa faifan waje guda biyu. Bayan sauyi a sake daidaita launin allo, a buga hoton gwaji.

Kwanaki 10 kacal ake da su na komawa Windows 10 bayan sauyi. Kada a yi wa kwamfuta sauyin ana tsaka da aikin biki.