Canza tanshina kaɗai ko canza sarƙar tamin da kayanta gaba ɗaya?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu ya kawo tambaya a kan motarsa Toyota Corolla ƙirar 2006 mai injin 1ZZ-FE. Ya ce idan ya tayar da ita da asuba tana yin ƙarar kacau-kacau na daƙiƙa biyu ko uku sannan ta yi shiru, kuma baƙin mai yana tsatsafowa ta bayan injin a ɓangaren dama. Bakanike ɗaya a Kurmin Mashi, nan Kaduna, ya ce masa a canza tanshina kawai, wani kuma a Tudun Wada ya ce sai an sauke komai, wato sarƙa da jagororinta da tanshina da giyoyin da take hawa. Yana son ya san wanne zai bi.

Malam, kowanne daga cikinsu yana iya zama da gaskiya, kuma abin da zai raba gardamar shi ne awon sarƙar, domin kunne kaɗai ba ya iya yanke wannan hukunci. Sarƙar tamin ita ce take haɗa karanshaf da kamshaf domin bawul su buɗe su rufe daidai da hawa da saukar fistin. Tanshina kuma ɗan ƙarfe ne mai sifirin a ciki, wanda matsin baƙin mai yake turo harshensa waje ya danne jagorar sarƙar, yana kuma da haƙora da suke hana harshen komawa baya idan an kashe injin. Ke nan tanshina ba ya gyara sarƙar da ta miƙe. Yana ɗauke sassaucinta ne zuwa iyakar tsawon harshensa, idan ya kai ƙarshe kuwa, ko sabo dal aka sa, sarƙar za ta ci gaba da lilo.

Canza tanshina kaɗai a wannan injin aiki ne mai sauƙi, domin Toyota ta sa shi ta waje, a bayan murfin tamin, noti biyu ne kacal suke riƙe da shi. Yoyon da kake gani a wannan wurin sananne ne a 1ZZ, kuma galibi zoben robar da ke jikin tanshinan ne yake bushewa saboda zafi da shekaru. Bakaniken da ya san aikin zai gama cikin awa ɗaya ko makamancin haka. Sai dai akwai wuraren da ake yin kuskure. Ana tura harshen sabon tanshinan ciki a maƙale shi da ƙugiyarsa kafin a saka, a ɗaure notin da sauƙi (littafin gyara ya ce 9 Nm, ba a ja da ƙarfin tsiya), sannan a juya karanshaf baya kaɗan domin ƙugiyar ta saki, a sake juya shi gaba a tabbatar harshen ya fito ya danne jagorar. Wanda ya manta wannan matakin ya tayar da mota, ya bar sarƙa babu mai riƙe da ita. Haka kuma ba a juya injin ko kaɗan alhali tanshina yana waje. Shi ya sa na fi son a cire murfin saman injin a yi aikin ido na gani, ko da za a sayi sabon gaskit.

Canza kayan gaba ɗaya kuwa aikin yini guda ne, wani lokaci har a kwana. Sai an cire fanbel da altaneta da fulin karanshaf da famfon ruwa da kujerar injin ta dama, an tallafe injin daga ƙasa, kafin murfin tamin ya fito. Daga nan a kawo fistin na ɗaya can sama, a daidaita zobban sarƙar masu launi da alamomin da ke jikin giyoyin kamshaf biyu da na karanshaf. Kuskuren haƙori ɗaya ya isa ya sa mota ta rasa ƙarfi ta kunna fitilar gargaɗi, na haƙora da yawa kuma a irin injinan zamani yana iya sa fistin ya doki bawul. Murfin da kansa da gam ake manna shi, kuma idan ba a kankare tsohon gam an wanke fuskar ta bushe ba, za ka shiga gareji da yoyo ɗaya ka fito da uku. Amfanin wannan hanya shi ne an ga komai da ido, an canza jagororin roba da suka cinye, an sa sabon sil na karanshaf, kuma za a daɗe ba a sake buɗe wurin ba.

Inda nake jin tsoron hanya ta biyu shi ne kayan da za a saka. Sarƙar da Toyota ta sa tun daga masana'anta, idan an kula da mai, tana iya kai wa ƙarshen rayuwar injin, alhali saitin da ake sayarwa da arha cikin kwali mai kyau yana iya miƙewa tun ba a je ko'ina ba. Cire sarƙa ta asali mai lafiya a sa jabu asara ce biyu. Idan ka shiga kasuwar Panteka za ka samu iri uku: sabo na asali, sabo na kamfanonin da ke kwaikwayo, da kuma na Beljiyam da aka ciro daga wani injin. Ga tanshina ba na ba da shawarar na Beljiyam, domin zoben robarsa ya riga ya tsufa kamar naka, kuma ba ka san irin man da ya sha ba. A nan gara a daure a sayi na asali, tunda ƙaramin abu ne.

Mutane da yawa a garin nan suna ɗaukar sarƙa tamkar bel ce mai wa'adi. Ina ganin wannan ya samo asali ne daga zamanin Peugeot 406, wadda take amfani da bel da dole a canza idan lokacinsa ya yi. Amma tsofaffin makanikai da suka koyi aiki a kan Peugeot 504 mai amfani da sarƙa, wadda kamfanin Peugeot na Najeriya (PAN) ya riƙa haɗawa a Kakuri, sun san cewa sarƙa ana duba ta ne, ba a bin kalanda.

Dubawar kuwa ba ta da wuya. A fara jona kwamfutar binciken mota: idan lambar P0016 ta fito, ma'anarta karanshaf da kamshaf ba sa tafiya tare, kuma sarƙa da ta miƙe tana cikin manyan abubuwan da ake zargi. A cire murfin sama a ga ko sarƙar tana sassauci tsakanin giyoyin kamshaf, a haska jagororin a ga ko sun tsage ko sun yi rami. A duba iya inda harshen tsohon tanshinan ya fito tun yana a wurinsa, sannan a ciro shi a ga ko haƙoransa suna riƙewa. A saurari ƙarar kuma bayan injin ya yi zafi. Ƙarar da take ɓacewa da zarar mai ya hau daban take da wadda take nan daram a silo ko lokacin da aka ba da wuta, wadda ita ce ta fi nuna sarƙa ko jagora.

Akwai abu na uku da ko ɗaya daga cikin makanikan biyu bai ambata maka ba, wato giyar VVT-i da ke kan kamshaf na shigar iska, mai sauya lokacin buɗewar bawul. Ita ma da mai take aiki, kuma idan ɗan ƙarfen da ke kulle ta ya gaji tana yin irin wannan ƙarar ta asuba sak. Haka nan filtar mai marar kyau tana barin mai ya zube ƙasa cikin dare, sai injin ya tashi a bushe. Man da ya yi kauri da yawa shi ma yana jinkirin hawa, musamman da sanyin hunturu na Disamba da Janairu. Toyota ta rubuta 5W-30 ga wannan injin, mu kuma mun saba zuba 20W-50 a kowace mota.

Ba duk mota ce take ba da sararin jira ana sauraron ƙara ba. Injin 2.0 TSI na Volkswagen da Audi na wajen 2008 zuwa 2012 an san shi da tanshinan da yake saki ba gargaɗi, har kamfanin ya sake masa fasali, don haka mai irin wannan motar kada ya ɗauki shawarar Corolla ya yi aiki da ita. Honda Accord mai injin K24, wadda ake kira End of Discussion, tana da ƙaramar taga a murfin tamin da ake kai wa ga tanshina, amma ita sarƙarta tana miƙewa idan an saba barin mai ya ragu.

Da motar tawa ce, Malam, tunda ƙarar gajeriya ce kuma akwai yoyo a daidai wurin tanshina, zan sa a yi waɗancan dube-duben. Idan babu lambar matsala kuma jagororin lafiya suke, zan canza tanshina na asali, in juye mai da filta masu kyau, in saurari motar na mako biyu da asuba. Idan ƙarar ta ci gaba, giyar VVT-i zan sa a duba kafin in yarda a buɗe murfin tamin. Idan kuwa an tarar harshen tsohon tanshinan ya fito har ƙarshe, ko an ga ɓarɓashin roba a cikin mai, to bakanike na biyu ya yi gaskiya, sai ka ajiye motar har ka haɗa kuɗin saitin.