Hattara da mai sayar da mikro na jabu a Damagaram

Assalamu alaikum 'yan uwa masu hayar kayan sauti, ladanai da masu studiyo na Zinder. Akwai wani mutum da ke tallan mikro Shure SM58 a WhatsApp da Facebook, jika 15 guda, wai kwantena ce ta iso masa. Na tura masa kuɗin guda biyu, ya aiko da su a mota, ga kwali ga jaka ga takardu, komai tsaf.

Ranar wani maulidi a Birni na jona su. Da sha'iri ya kama mikro, motsin yatsunsa kaɗai sai ka ji kamar ana buga ganga a lasifika, na ɗan ƙara murya sai kukan lasifika ya cika wurin. Wallahi na ji kunyar dattawan da suka yarda da ni. Na kira mai sayarwar, lamba a kashe har yau.

Da na yi lissafi tun farko da na gane. SM58 na asali, wanda kamfanin Shure na Amurka ke yi tun 1966, kuɗinsa wajen dalar Amurka 100 ne, sama da jika 50 ke nan tun kafin kuɗin hanya da na duwan. Nauyinsa giram 298. Nawa da na ɗora a sikeli ba su kai ba. Na asali yana ɗaukar murya ta gaba, ya ƙi ta baya, shi ya sa ake iya tsayawa da shi kusa da lasifika. Na jabun ta ko'ina yake sha.

Mutumin ya kuma gaya wa wani ƙanena mai studiyo cewa yana da mikro kondansa, irin wanda ake ɗaukar murya da shi a studiyo, da ba ya son wuta ko batir. Ƙarya ce. Kondansa na studiyo mai fulogi mai ƙafa uku sai an ba shi wutar bolt 48 daga miksa ko katin sauti.

Don Allah kada ku tura ko dala kafin ku riƙe kaya a hannu. Ku jona, ku murza jikinsa da tafin hannu, ku yi magana ta gaba da ta baya, ku auna. Guda biyun suna shagona a Sabon Gari, na kwance kan ɗaya, mai son ganin cikinsa ya zo.