Swan Lake ko Giselle ta Akram Khan: wanne za ki fara saya?

Malama, faifan rawar bale guda biyu da kika ambata, Swan Lake da Giselle ta Akram Khan, duka ina da su, amma ɗaya ne kawai kwalinsa ya koɗe saboda yawan ɗauka, wato Giselle.

An fara nuna Giselle ta asali a Paris a 1841 da kiɗan Adolphe Adam, kuma labarin wata 'yar ƙauye ce da ɗan sarauta ya yaudare ta har baƙin ciki ya kashe ta. Akram Khan, haifaffen Landan ɗan asalin Bangladesh wanda ya taso cikin rawar kathak ta Indiya, ya sake tsara ta ga ƙungiyar English National Ballet a 2016. Ya mayar da mutanen ƙauyen baƙin haure da aka rufe masaƙar da suke aiki, sannan ya gitta wata ƙatuwar katanga tsakaninsu da masu dukiya.

Daren da na fara kunna faifan, innata, wadda ta kwashe shekaru tana sana'ar ɗinki, tana gefe tana tsintar shinkafa, ta kuma riga ta shaida mini cewa ba ta ga amfanin kallon mutane suna tsalle-tsalle babu mai cewa uffan ba. Da aka shiga kashi na biyu, inda fatalwar matan masaƙar suka fito gashi a barbaje, kowace da sandar gora a hannu, suna takawa a kan tsinin yatsun ƙafa suna doka sandunan a ƙasa, sai ta ajiye tiren. Ba ta sake taɓa shi ba har aka gama, kuma ranar sai bayan isha'i aka ɗora tukunya. Tamara Rojo ce ta taka Giselle a wannan ɗaukar.

Swan Lake kuwa ba zan ci mata hakki ba: kiɗan Tchaikovsky ba shi da makusa tun 1877 da aka fara jin sa a Mosko, juyi 32 da Odile, 'yar mugun bokan labarin, ke yi a kan ƙafa ɗaya ma abin gani ne, amma raye-rayen fada suna jan lokaci, kuma sau biyu barci yana sace ni kafin ƙarshe.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa a intanet. Wani ya taɓa aiko mini da faifai mai kwali gwanin kyau, ashe da waya aka ɗauki wasan daga bayan zaure, ƙeyar 'yan kallo ta tare rabin dandamalin, kuɗina kuma sun tafi ke nan. Faifan Giselle suna da yawa, saboda haka ki nemi hoton bayan kwalin ki ga sunan Akram Khan da tambarin Opus Arte, kamfanin da ya fitar da faifan. Ki kuma tambayi lambar yankin faifan, domin Turai yanki na 2 ce, Najeriya na 5, kuma ba kowace na'ura ke karɓar duka ba.

Ki sayi Giselle. Idan za ki kalla, ki kashe fitilar ɗakin, domin kashi na biyu cikin duhu-duhu ake yin sa.