Wayar ɗumama daɓe a ɗakin 'yan tsaki: ledar ƙarƙashinta ce ta cuce ni

Wayar kanta ba ta da laifi, gara in faɗi wannan tun da wuri. Tabarmar waya ce mai wat 150 a kowace murabba'in mita, aka shimfiɗa ta murabba'in mita 4 a ɗakin rainon 'yan tsaki a Birnin Kebbi, don a huta da kurfoti da hayaƙin gawayi a daren hunturu. Abin da ya ƙona min rai shi ne abin da mai sayarwa ya ba mu a sa ƙarƙashinta.

Tsakanin tsohon daɓen siminti da ƙasan ƙofar ƙarfe milimita 35 ne kacal. Da ya ji haka, sai ya miƙo wata leda mai ƙyalli, soso ne mai kaurin milimita 3 an manna masa gorar ruwa, wato alminiyam, a fuska, yana rantsuwa wai ƙyallin zai mayar da zafi sama. Ba gaskiya ba ne. Ƙyalli yana mayar da zafi ne idan akwai sararin iska a gabansa. Da zarar an danne shi da siminti, aikinsa ya ƙare, kuma ɗanyen siminti cin gorar ruwa yake yi. Sai zafin ya riƙa gangarawa cikin kankare. Wayar ta kwana tana jan wat 600, da asuba ka ɗora tafin hannu a tayil ka ji ɗumi-ɗumi kawai, 'yan tsaki sun cure a kusurwa suna hawa kan juna, alhali a makon farko digiri 32 zuwa 35 suke so. Bayan haka soson ya lotsa, tayil ya fara ƙara in an taka, bakinsa ya tsage. Fasawa aka yi, kuma waya ba ta fita lafiya daga cikin busasshen siminti. Sabuwa aka saya.

Karo na biyu aka sa allon soso mai tauri, irin na XPS mai fuskar siminti da raga, kaurin milimita 10. Ga yadda tsayin ya tafi: gam ɗin tayil 3 a ƙarƙashin allo, allon 10, waya da simintin da ke baje kansa ya lulluɓe ta 5, gam 4, tayil 8. Talatin ke nan, saura biyar don ƙofa ta buɗe. Kankare yana wucewa da zafi kusan ninki 40 a kan wannan allon, shi ya sa ko siririn ya canza komai. Daɓen da ke kwashe dare bai yi ɗumi ba yanzu cikin kamar awa ɗaya ya kama, na'urar daidaita zafi tana kashewa tana kunnawa da kanta, batiran sola suna kaiwa asuba. Wallahi na ji daɗi. Da akwai wuri, da na milimita 20 za a sa, don ninki biyu yake tarewa. Wanda ƙofarsa ta katako ce, ya fere ƙasanta ya sa mai kaurin.

Amma fa mai aikin ma sai an tsaya a kansa. Ya so ya kwaɓa siminti da yashi yadda ya saba, alhali daɓen da ke zafi yana hucewa gam mai ɗan sassauci yake so, in ba haka ba tayil zai ɗago. Ya so ya binne bakin na'urar auna zafi kai tsaye cikin siminti. A cikin ɗan bututu ake zura shi, a tsakiyar layuka biyu na waya, don ranar da ya mutu a zare shi ba tare da fasa ba. Wayar ba a yanke ta, ba a haye ɗaya kan ɗaya. A gwada ta da mitar masu gyaran lantarki kafin shimfiɗawa, da bayan an lulluɓe, da bayan tayil: mai wat 600 wajen om 88 za ta nuna, om kuwa ma'aunin turjiyar waya ga wuta ne. Ɗaki ne da ake wankewa, dole a sa mata makunni mai yanke wuta in ta zurare, na miliamfa 30. Kuma kada a kunna sai gam ya cika kwanakin bushewar da aka rubuta a buhunsa.

Inda har yanzu nake jin haushin mai sayarwar, bai ce komai kan shimfiɗar ƙasa ba. Nan Kebbi buntun shinkafa ba tsada, mun saba zuba shi da kauri. Buntu kuwa tare zafi yake yi sosai: ya yi yawa, sai zafin ya maƙale a tayil, na'ura ta kashe waya, tsaki na saman suna jin sanyi. Kaurin yatsa biyu ya isa, a riƙa sauyawa in ya jiƙe. Daren da iska ta tsananta kuma daɓe kaɗai ba ya riƙe ɗakin, sai an sauke labulen buhu a tagogi, a bar 'yar kafa ta sama don iska ta fita.