Na shiga gidan katakon Nairn Street a Welinton, ga abun da na gani

Asabar ɗin da ta wuce ne na samu na je, bayan kusan wata uku ina wuce shi a bas ina cewa gobe, gobe. Tsohon gida ne da aka mayar gidan tarihi a Welinton, babban birnin Niyu Zilan, yana lamba 68 a titin Nairn, can saman Willis Street in ka nufi unguwar Brooklyn, kuma in da ƙafa za ka zo to ka shirya hawan tudu, ga iskar Welinton ɗin nan da ba ta da mutunci. Ka kuma duba lokacin buɗewa kafin ka fito don ba kullum ake buɗe shi ba.

Daga waje wallahi ba za ka ce wani abu bane. Ɗan ƙaramin gida ne na katako, dogayen benaye sun kewaye shi kamar za su haɗiye shi. Sai da na matsa kusa na sa hannu a bangon sannan jikina ya yi sanyi, saboda babana Allah Ya jiƙansa kafinta ne, na tashi cikin ƙurar katako, na san aikin hannu in na gan shi. Allunan an jera su ne a kwance, kowanne ya ɗan hau kan na ƙasansa kamar ɓawon kifi, ruwan sama in ya bugo sai ya gangare bai samu ƙofar shiga ba, dabara ce mai sauƙi amma ga ta nan ta riƙe gida tun 1858.

Wanda ya gina gidan sunansa William Wallis, shi ma kafinta ne. Ya taso daga Ingila da amaryarsa Catherine suka sauka Niyu Zilan a 1857, kafin nan ya yi aikin gina asibitocin sojoji a yaƙin Kirimiya, can ya ƙara gogewa ya kuma tara ɗan abun da ya yi jari da shi. Mai zagayawa da mu ta ce wurin ma ba haka kawai ya zaɓa ba, akwai rafi a kusa, lokacin kuma ruwan sha mai kyau wahala yake a garin. Na tambaye ta me ya sa katako, ba bulo ba? Ashe girgizar ƙasa ce ta koya musu hankali. Ta 1848 ta zubar da gine-ginen bulo da yawa, ta 1855 kuwa ta kai maki 8.2 har ƙasa ta ɗaga a bakin teku, to mutane suka gane katako yana lanƙwasa ya dawo, bulo kuwa in ya tsage shi kenan. Shi ya sa har yau in ka zaga tsofaffin unguwanni irin su Thorndon duk gidajen katako za ka yi ta gani.

Ciki ɗakunan ƙanana ne sosai, matakalar hawa sama ma sai ka bi a hankali, mai ciwon gwiwa zai ji jiki gaskiya. Amma fa 'ya'ya goma Allah Ya ba mutanen nan. Na tsaya a ɗakin yara ina ta lissafin yanda ake kwana, yanda uwa ɗaya take wanki da girki da ɗibar ruwa babu lantarki babu famfo, ga sanyin hunturu. Catherine ɗin nan ta sha aiki, ni a ganina sunanta ya cancanci a riƙa kiransa daidai da na mijin.

Inda na daɗe a tsaye shi ne gaban akwatin kayan aikinsa, yana nan an ajiye. Ina ganinsa sai akwatin babana ya faɗo min, da zartonsa da gudumarsa da cizal ɗin da ya hana kowa taɓawa, mu kuma bayan rasuwarsa ko ɗaya ba mu riƙe ba, wannan ya ara wancan ya ara har suka ƙare. Sai da na juya baya don kar 'yan rukuninmu su ga idona.

Kuma saura ƙiris gidan ya tafi. Zuri'ar Wallis sun zauna a ciki har tsara uku, sama da shekara ɗari, sai a 1974 hukumar birni ta karɓe wurin da niyyar rushewa saboda aikin gidajen haya da ake yi a gefen. Jikar William da Catherine, Winifred Turner, ita ce ta ƙarshe da ta zauna a ciki, ta kafe ta ƙi yarda, mutanen gari masu kishin tarihi suka mara mata baya, a 1980 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi. Yanzu shi ake kira gida mafi tsufa a tsakiyar Welinton da yake nan a inda aka gina shi. Abun da ya fi burge ni kenan, ba gidan gwamna bane ba na wani attajiri ba, gidan mai sana'ar hannu ne da iyalinsa, aka ce shi ma tarihi ne a bar shi.

Awa ɗaya ta ishe ka ka gama komai, wanda yake neman ƙaton gidan tarihi mai kayan kallo birjik ba nan zai zo ba. In ka fito kar ka yi saurin tafiya, zaga lambun baya, an shuka ganyaye da furanni irin na zamaninsu, na zauna nan kusan minti ashirin. Wata mai zuwa in sha Allah da yarana zan koma, babban ya fara son buga ƙusa, ina so ya ga akwatin nan da idonsa.